Thakur ya kashe Gabbar, ko 'yan sanda suka tafi da shi?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Gardama ce ta ƙi ƙarewa, na kawo ta gaban manya. A ƙarshen fim ɗin Indiya Sholay, Thakur ya kashe Gabbar da takalman nan masu ƙusoshi, ko kuwa 'yan sanda sun iso sun tafi da shi? Kowane ɓangare yana rantsuwa da idonsa ya gani. Ta biyu kuma, fim ɗin awa nawa ne? Wani ya ce awa 3 cif, wani ya ce ya kusa uku da rabi.

Kawu Na-Runji: Wa'alaikumus salam. Kowa shi aje rantsuwa, duk kun yi gaskiya, don ƙarshe biyu anka ɗauka. Da hwari daraktan, Ramesh Sippy, ya shirya Thakur shi tattake Gabbar har shi mutu. Hukumar tace fina-finai ta Indiya ta ƙiya, tac ce ba a nuna tsohon ɗan sanda ya ɗauki doka da kai nai. Ku tuna fim ɗin ya hito 15 ga Agusta 1975, ba a cika wata biyu da kafa dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi ba. Sai anka sake ɗaukar ƙarshen, 'yan sanda sunka iso sunka kama shi. Wanga shi anka nuna a silima. Na asalin daga baya yab bayyana a kaset da faifai. Na silima kamar minti 198 na, na asalin kamar 204.

Bakatsinen Arkilla: Kawu, to wanda ya ce awa 3 cif fa? Shi dai an kama shi.

Mai Gyara Ƙofar Rini: Ba a kama shi ba, kaset ɗinsa ne ya ci fim ɗin. Bari in warware.

Fim na silima hoto 24 yake wucewa a daƙiƙa ɗaya. Talabijin ɗinmu na Najeriya tsarin PAL ne, hoto 25 a daƙiƙa. Idan za a juye fim zuwa kaset, ba a tsayawa wani lissafi, gudunsa kawai ake ƙarawa ya koma 25. Wato ya yi sauri da kashi 4 cikin 100. Minti 198 sai ya dawo 190. Har muryoyi suna ɗan tashi sama, shi ya sa mai kunne zai ji muryar mawaƙiya Lata ta fi siranta a kaset.

To kaset ɗin da ya fi yawa a kasuwa a wancan lokacin E-180 ne, minti 180, da ɗan rara na minti biyu ko uku. 190 ba ya shiga 180. Mai juyewa yana da hanya huɗu: ya nemi E-240, wanda zarensa siriri ne yana saurin tsinkewa, ya raba fim a kaset biyu, ya sa inji a LP, wato ya rage gudun zare don kaset ya ƙara ɗauka, hoton ya dushe, ko ya datse waƙa ɗaya da wani wurin ban dariya. Ta ƙarshen ta fi arha. Don haka wanda ya ce awa 3 ya ga awa 3 da gaske.

Hajiya Gawon Nama: Allah ya saka da alheri, Malam. Amma ku bar zancen mintoci ku faɗa wa yaran nan gaskiya: Daramanda ne jarumin fim ɗin. Sunansa ne farko a rubutun buɗewa, na Amita na huɗu, bayan Sanjeev Kumar da Hema Malini. Kuma shi ya rayu, ya tafi da Basanti a jirgin ƙasa. Ba banza Hausawa suka sa masa Sarkin Ƙarfi ba.

Bakatsinen Arkilla: Hajiya, da girmanki! Wa ya tsaya a bakin gada shi kaɗai? Wa ke da kwabon da fuskarsa biyu iri ɗaya ce, don duk jefawar da aka yi nauyin ya faɗo masa? Jarumi shi ne wanda in ya mutu ɗaki ya yi tsit.

Hajiya Gawon Nama: Ɗana, a 1975 Daramanda ya yi shekara 15 yana fim. Amita sai a 1973 tauraronsa ya haska da Zanjeer. Ƙane ne a wurin.

Bakabe Mai Shayi: Ku duka kun bar hanya. Cire Amjad Khan, mai fitowa a Gabbar, ka gani ko akwai fim. Kuma ba ma shi anka hwara zaɓa ba, Danny Denzongpa na, aikin wani fim yar riƙe shi. Bos ɗin da har yau in yaro ya cika ta'adi a ce mai Gabbar. Bakatsine ba ya gane wanga, shi dogon mutum kawai yaka kallo.

Bakatsinen Arkilla: Bakabe, kai da kifi kaɗai ka sani, yaushe ka fara tafsirin Indiya? Koma Argungu ka jira su.

Ɗan Mabera: Hahaha taubasai ku bari. Malam Mai Gyara, akwai tsofaffin kasa-kasai a kwali a gidaje da yawa a garin nan. In mutum yana son ya duba wane ƙarshen ke cikin nasa, ya nemi bidiyo ya zura kawai?

Mai Gyara Ƙofar Rini: A'a, kada ya zura tukuna. Nan ake asarar kaset da inji a lokaci guda.

Ya fara duba ta tagar kaset. In ya ga fari-fari kamar an barbaɗa gari a gefen naɗin zaren, fumfuna ce. Mutane suna cewa Sakkwato bushewa gare ta, ina fumfuna za ta fito? Daga damina take fitowa. Kwalin da ke ƙasa jikin bango a watan Agusta, a ɗakin da ba a buɗewa, ya isa. Kaset mai fumfuna in ya shiga inji, cikin minti ɗaya zai toshe hed, wato abin da ke karanta hoto daga zaren, kuma ya shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya.

In babu fumfuna, a duba ko gidan ya lanƙwashe. Zafin Afrilu a ƙarƙashin kwano yana murɗa robar. A ɗora shi kan tebur mai santsi, in yana rawa, a canza masa gida. Ƙusoshi 5 ne a ƙasansa. A kwance su, a mayar da kaset ɗin fuska sama kafin a ɗaga murfi, in ba haka ba birkin da 'yan ƙananan waya su zube. A ɗauki hoto da waya yadda zaren ya bi ta kan sanduna, a kwashe naɗi biyun a zuba a gidan wani kaset mai lafiya.

In duk lafiya, a sa shi a inji a tura shi gaba har ƙarshe, a dawo da shi farko, sau ɗaya, kafin a danna kallo. Zaren da ya shekara 20 a naɗe yana mannewa, wannan yana sassauta shi. Sannan a karya ɗan harshen roba da ke bayan kaset in yana nan, don kada hannu ya kuskure ya danna jan maɓalli a goge fim.

Inna Minanata: Mai fumfunar kuma sai bola ke nan?

Mai Gyara Ƙofar Rini: Ba lallai ba, Inna, in ba ta ci zaren ba. A fita waje, a rufe hanci da takunkumi. A gefen kaset akwai ɗan maɓalli, in an danna murfin gaba yana ɗagawa. A ƙasa kuma, tsakiya, akwai rami, in an tura biro a ciki birkin yana saki. Sai a riƙe ƙyalle marar gashi, irin na goge tabarau, a busasshe, a ɗan matse zaren da shi ciki da waje, ana juya naɗin da hannu sannu a hankali, ana canza wurin ƙyallen. Zaren E-180 ya haura mita 250, don haka aikin yini ne. Gidan da tayoyin su ake gogewa da sifirit, a bar su su bushe sarai. Kada ruwa ya taɓa zaren.

Injiniya Kwannawa: Ƙari kan sifirit: a nemi na masu gyaran waya, mai kashi 99. Na kemis mai shuɗi yana da ruwa da launi, yana barin dabbare. Fetur da kananzir kuwa ko kusa.

Wanke hed ga yadda yake. A zare wuta, a buɗe murfin inji. Za a ga ganga mai sheƙi a karkace, faɗinta milimita 62. Hed ɗin wasu 'yan ƙananan abubuwa ne a tsagar ƙasan rabin da ke juyawa, sun fi ƙwayar gero ƙanƙanta. A yanki farar takarda, a jiƙa ta da sifirit, a dafa ta jikin gangar da yatsa a hankali, a juya gangar da ɗaya hannun sau biyar ko shida. Takardar ba ta motsi, gangar ce ke juyawa. In aka goga sama da ƙasa, hed ya karye, kuma ba a samun sabo, don Funai, kamfani na ƙarshe da ke ƙera injin, ya daina tun 2016. Auduga ma haramun ce a wurin nan, zarenta yana maƙalewa ya fizge hed. A jira minti 10 ya bushe. Gangar tana juyi 1500 a minti, in da danshi sai zaren ya manne ya naɗe a jikinta.

Kawu Na-Runji: Injiniya, hwaɗa musu alamomi, don kowace matsala hed suka ɗora ma laihi.

Injiniya Kwannawa: Gaskiya ne Kawu. Hoto ya koma yayyafi amma magana na fita tsaf, wannan hed ne ya yi datti. Layi-layi na yawo a hoto, tirakin ne, wato hed bai hau daidai kan sawun hoton ba, a daidaita da maɓallinsa, kuma kowane kaset da nasa saitin domin injin da ya naɗe shi daban ne. Ɗan siririn layin da ke rawa can ƙasa kuwa ba cuta ba ne, haka VHS yake, tsohuwar talabijin ce ke ɓoye shi. Waƙa na jan murya kamar mai kuka, robar da ke matse zare jikin sandar ƙarfe ce ta taurare ko ta yi santsi. Inji ya fito da kaset zare na reto a waje, bel ne ya saki ko tayar tsakiya ta cinye, ba ta naɗe zaren kafin ya fito. In an ga haka sau ɗaya a tsaya, kada a gwada da kaset na biyu.

Bakabe Mai Shayi: Akwai wanda kunka manta, kuma namu na na bakin iyaka. Kaset shi hito baƙi da hwari alhali fim mai launi na.

Injiniya Kwannawa: Madalla. Nijar tsarin SECAM ta bi, irin na Faransa. Kaset ɗin da aka naɗa daga talabijin ɗinsu ya shigo ta Ƙonni da Illela, a injin PAL zalla baƙi da fari zai nuna. Na Amurka kuma NTSC ne, shi har birgima hoton yake yi, murya ta canza. Maganin duka inji mai tsari da yawa, za a ga an rubuta PAL, SECAM, NTSC a goshinsa. Kaset ɗin lafiyarsa ƙalau, kada a jefar.

Inna Minanata: Ni fa ku dawo da mu kan mussa da kusu. Yara na tambaya me ya sa wani Tom ɗin yana da kyau, wani kamar ba shi ba, har sautin yana ban tsoro.

Bakatsinen Arkilla: Inna, mage da ɓera ake cewa.

Inna Minanata: A Katsina. Nan ka zo ka iske mu, mussa da kusu.

Malama Tudun Wada: Inna, yaran suna da ido. Hannu uku ne suka yi tsofaffin. William Hanna da Joseph Barbera su suka ƙirƙiro su a kamfanin MGM a 1940, kuma a na farkon ma sunan mussan Jasper. Sun yi guda 114 zuwa 1958, bakwai daga ciki suka ci kyautar Oscar. Su ne masu kyan. Kiɗan Scott Bradley ne, kowane taku da faɗuwa an auna shi da kiɗa. Yawancinsu za ki ga sunan Fred Quimby a farko.

Masu ban tsoron guda 13 ne, Gene Deitch ya yi su a birnin Prague a 1961 da 1962, da kuɗi kaɗan. Sautinsu yana amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya, motsin yana tsalle-tsalle, kuma akwai wani maigida mai fushi da ke jibgar Tom fiye da kima. Sai Chuck Jones ya karɓa daga 1963 zuwa 1967, ya yi 34. Nasa Tom yana da gira mai kauri, Jerry kuma manyan kunnuwa da idanu. Alamarsa a buɗewa, zakin MGM yana juyewa ya zama Tom yana kuka.

Abin da ke kawo bambancin motsi lissafi ne. Katun na minti 7 hoto 10,080 ne. In kowane zane ya tsaya hoto biyu, zane 5,040 ake bukata, kowanne da hannu, a kwafe shi a kan leda mai garau, a shafa fenti ta baya, a ɗora kan zanen ɗaki a ɗauka. Wurin gudu da duka sai an yi zane ga kowane hoto. Mai ƙaramin kasafi yana rage zanen, ido kuma yana ganewa nan take.

Bakabe Mai Shayi: Malama, tunda ke san su haka, raba muna: wa ad da gaskiya tsakaninsu?

Malama Tudun Wada: Tom. Aikinsa yake yi, an ajiye shi don ya tsare gida. Jerry ke shiga firji.

Hajiya Gawon Nama: Haba Malama! Sau nawa kusun yana barci a raminsa mussan ya zura hannu? Ga shi marayan nan ƙarami mai kamfai ma Jerry ne ya riƙe shi.

Kawu Na-Runji: Karen dai ad da gaskiya. Barci kawai yaka so, da ƙashi nai, da ɗa nai.

Ɗan Mabera: Kawu ya yanke hukunci. To in an samu kaset ya yi, yaya ake mayar da shi waya ko kwamfuta?

Injiniya Kwannawa: Ana bukatar ɗan na'urar USB mai ramuka uku, rawaya na hoto, fari da ja na sauti. A haɗa daga inda aka rubuta fita a bayan bidiyo. A kwamfuta a buɗe manhajar naɗar hoto ta OBS, kyauta ce. A zaɓi PAL, girma 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa, sauti 48,000. Babu gaggawa a ciki: fim na awa 3 awa 3 zai ɗauka. Don haka a ɗora inji da kwamfuta kan inbata ko sola, domin in wuta ta ɗauke zare na kan ganga, fitar da shi aiki ne. Ƙaramin janareta kuma yana sa gurnani a sauti da layi mai hawa a hoto.

Kurakurai uku suka fi yawa. Na ɗaya, a miƙe hoton ya cika allon zamani, sai Amita dogo ya koma gajere mai faɗi. Hoton kaset 4 da 3 ne, wato faɗi 4 tsawo 3, a bar baƙi a gefe. Na biyu, ƙaya-ƙaya kamar haƙoran mataji a gefen abin da ke motsi. Hoton talabijin rabi-rabi yake zuwa, 50 a daƙiƙa, allon waya kuma gaba ɗaya yake nunawa. A wuce da fayil ɗin ta manhajar HandBrake a kunna saitin Yadif, shi ke kawar da su. A katun abin ya fi muni saboda layin zane baƙi ne siriri. Na uku, magana ta riga baki bayan awa ɗaya, wannan kwamfuta ce ke zubar da hotuna, a rufe duk wani abu da ke buɗe kafin a fara. In saman hoton yana lanƙwasa, a bi da wayar hoton ta cikin tsohon Panasonic ES10 ko ES15 mai naɗar DVD, yana miƙe shi. Awa ɗaya a MP4 ka ba ta gigabait 1 zuwa 2, ƙasa da haka yayyafin kaset yana zama tabo-tabo.

Mai Gyara Ƙofar Rini: Faifan VCD ya fi sauƙi. Ba a naɗa, kwafa ake yi. A buɗe shi a kwamfuta, a shiga jakar MPEGAV, a kwashe fayilolin DAT, manhajar VLC tana buɗe su. Faifai ɗaya bai wuce minti 80 ba, shi ya sa dogon fim ɗin Indiya ke zuwa uku. A goge daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Ƙarzuwar ƙasa tana gyaruwa, ta saman da ke da rubutu ita ce ajali, don nan bayanin yake kwance.

Bakatsinen Arkilla: Wato na Burusli ma haka kaset ya cuce mu? Wani lokaci yana dukan mutum ba ka ganin wanda ake duka.

Malama Tudun Wada: Ƙwarai. Fim ɗinsa Enter the Dragon na 1973 faffaɗan hoto ne, kusan 2.35 da 1. In an cusa shi ya cika tsohuwar talabijin, sama da kashi 40 cikin 100 na hoton ake yankewa daga gefe. Tom da Jerry na tsakiyar shekarun 1950 ma akwai faffaɗa, a kaset sai ka ga Tom yana bin abin da ba ya cikin allo.

Kawu Na-Runji: To ku ji tawa. Wahalar ga duka, kada ku ɓata ta kan Sholay da Burusli da mussa. Waɗanga masu su sun adana su, kwahin da ka yawo yanzu ya hi na kaset ɗinku kyau nesa. Ku duba ƙarshen, gardama ta mutu, shi ke nan. Hed ɗin da ya rage ku kashe shi kan namu: fina-finan Hausa na hwarko tun daga Turmin Danya na 1990, na Ibro na dauri, wasannin Samanja da Kasimu Yero da wani yan naɗa daga talabijin, hawan salla, majalisin makaɗa. Da yawa kaset anka ɗauke su tun asali, babu wani kwahi a Bombay ko Amurka da za a koma mai.

Hajiya Gawon Nama: Wannan magana taka ta zauna, Yaya. Allah ya jiƙan Ibro da Samanja. A ƙara da na biki da suna, akwai fuskokin da babu su a ko'ina sai nan. Amma dai Daramanda ne jarumi.

Bakatsinen Arkilla: Amin. Amita ne, Hajiya.

Inna Minanata: Malam Mai Gyara, tambaya ta ƙarshe. In inji ya riga ya tauna zaren ya tsinke, a haɗa da salatif?

Mai Gyara Ƙofar Rini: Salatif na shago a'a, Inna. Da zafin garin nan gam ɗinsa yana narkewa ya fito ta gefe, ya shafi hed, ya manne naɗin da ke kusa. A yanke wurin da ya tauna da sabuwar reza. Zaren yana tafiyar santimita 2.3 a daƙiƙa, don haka in an yanke taƙi guda, kamar daƙiƙa 9 kawai aka rasa. A haɗa baki da baki ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, a liƙa da salatif ɗin haɗa zare ta bayan, wato fuskar da ke kallon cikin kaset, a datse abin da ya fito gefe. In ba a samu irinsa ba, a raba zaren gida biyu, kowane rabi a ɗaura shi a tayar wani kaset ta farin zaren da ke bakinta, ya zama kaset biyu, mahaɗin ba zai taɓa bi ta kan hed ba. Bayan an kwafe, a mayar da shi farko, a sa a kwalinsa, a jera a tsaye kamar littattafai a kan kanta, nesa da sifika da bangon da rana ke duka.